Kwalaye Shida na Dokta Abiodun

Ranar Talata da hantsi, sha ɗaya ga watan Afrilu na shekarar 2006, wani mutum ya shigo ofishin 'yan sanda a Azare riƙe da ambulan ruwan ƙasa. Dogo ne, furfura ta fara cin gefen kansa, gumi ya manne masa riga a gadon baya. Ya ce sata aka yi masa.

Sufeto Abdulrahim ne a kan aiki. Tun safe yake fama da wasu maƙwabta biyu a kan akuyar da ta ci shanyar barkono, ga wuta babu, fankar ofis kwana uku ke nan ba ta juya ba. Ya nuna wa mutumin benci.

"Me aka ɗauka?"

"Takardu, Yallaɓai. Kwali shida."

"Na fili ko na mota?"

"Fom ne. Na bincike."

Sufeto ya ajiye biro ya shafa fuska. Shekara ashirin da biyu yana cikin kaki. Ya bi sawun shanu, ya bi babura, ya taɓa bin injin markaɗe har Misau. Amma fom, bai taɓa bi ba.

Mutumin ya ce sunansa Dokta Abiodun, shi ne shugaban wata 'yar cibiya ta binciken lafiyar mata da yara da ke can bakin gari. Shekara tara da zuwansa daga kudu, Hausa ta zauna a bakinsa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

"A shekarar casa'in da takwas muka zaga ƙauyukan wajen Udubo," in ji shi. "Mata dubu da ɗari biyu muka yi wa tambayoyi, muka ɗebi jininsu. Sai muka ga abin tsoro. Cikin 'ya'yan fari goma, shida ba sa rayuwa. Na danganta abin da zazzaɓin sauro a cikin farko. Na rubuta, wata mujallar likitoci a Turai ta buga. Zuwa yau an ambaci takardar sau ɗari biyu da goma sha huɗu."

"An ambace ta a ina? A rediyo?"

"A'a. Duk likitan da ya yi nasa binciken, ko a wace ƙasa yake, in ya rubuta cewa ga abin da Abiodun ya gano a Katagum, to an ambace ni sau ɗaya ke nan. Akwai masu ƙirgawa. Da shi ake auna mu."

"Wato irin na malamai, wane ya ji daga wane."

"Kusan haka. Takarduna goma sha tara aka buga. Sha takwas ɗin, in ka haɗa su duka, ba su kai ambato talatin ba. Wannan ɗayar ce ke riƙe da ni. Da ita na nemi matsayin farfesa."

Ya miƙo ambulan ɗin. Ya ce wasu masu bincike a wata ƙasa sun gwada irin aikin, ba su ga ko kusa da abin da ya gani ba, suka kai kuka ga mujallar. Yanzu mujalla ta ce ya turo ainihin fom ɗin da aka cike da hannu a ƙauye. Saura kwana tara wa'adin ya cika.

"In ba ka tura ba fa?"

"Za su buga cewa ƙirƙira na yi. Wanda aka buga wa haka ya gama, Yallaɓai. Ko shagon magani ba zai ɗauke shi aiki ba."

"Yaushe wasiƙar ta zo?"

"Jiya Litinin aka ba ni. Ina gama karantawa na nufi ɗakin ajiya. Wayam."

Sufeto ya cusa ambulan ɗin cikin fayil ba tare da ya duba ba. Ya leƙa taga ya kira Saja Talatu, wata mace mai jiki da ta kusa ritaya, wadda gwiwa ke damu amma bakinta lafiya lau.

"Saja, tashi. Takardu za mu nema."

"Oga, a wannan ranar? Ko takardun kuɗi ne?"

"Na ilimi ne."

"To, Allah ya ba mu lada," ta ce, ta laluɓo takalminta.

Cibiyar ɗakuna huɗu ce da rijiya, sai bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ɗakin ajiya na can ƙarshe. Sufeto ya duba kwaɗon, ya juya shi, ya sake juyawa. Ko ƙwarzane babu. A ciki ga madubin gwajin jini guda biyu a kan tebur, ga ƙaramin janareto sabo a kusurwa, ga kwalaye sun kai arba'in a kan kanta. A tsakiyarsu aka yi giɓi, na kwali shida cif.

"Ɓarawon nan ya yi makaranta," in ji Saja. "Ya bar janareto ya ɗauki takarda."

Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya na Dokta, ɗaya na ma'ajin takardu, Malam Mamman.

Ofishin Malam Mamman ya fi ko'ina tsafta a cibiyar. Shi ma haka, ɗan gajere, kaftani a goge, biro uku a aljihu. Kowane fayil da lambarsa, ga hatimin kwanan wata a kan tawadarsa kusa da hannun dama. Ya miƙe ya gaishe su da ladabi.

"Makullinka ya taɓa barin hannunka?"

"Ko kusa, Yallaɓai. Sai dai ka san makullin zamani, a kasuwa ma yanka shi ake yi."

"Ka san abin da ke cikin fom ɗin?"

"Ni ajiya ce tawa. Abin da ke ciki na masu ilimi ne."

Saja tana ta kallon bango. Akwai wata takardar Turanci cikin gilashi, an rataye ta sama da kalanda. Ta matsa ta sa yatsa.

"Malam, wannan ba sunanka ba ne a bayan na Dokta?"

"Karamci ne irin na Dokta. Na taya ɗaukar kaya, shi ke nan ya sa ni." Ya rage murya. "Ni dai ban ce komai ba, Yallaɓai, amma Dokta kwanan nan ba ya cikin natsuwarsa. Abin ya yi masa nauyi."

A bakin ƙofa suka sami Baba maigadi a kan tabarma, yana gyaran rediyo da tsinke.

"Baba, kana barin ƙofar nan?"

"Ni? Ko salla a nan nake yi."

"Ran Lahadi fa?" in ji Saja. "Ba kai na gani a layin 'yan kaji ba, kana ciniki kamar za ka yi dambe?"

Tsohon ya sosa ƙeya. Ya ce to, ran kasuwa dai yakan ɗan leƙa, daga hantsi zuwa azahar. Ya ce ai ba ɓoyayyen abu ba ne, duk ma'aikatan sun sani, har saƙo suke ba shi.

Da suka koma ofis, baturen 'yan sanda ya saurari Sufeto yana fifita da fayil.

"Abdulrahim, kada ka wahalar da kanka. Mutum ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiri mata dubu. An ce ya kawo shaida, shaida ta ɓata, kwaɗo lafiya lau, makulli a aljihunsa. Me ya rage?"

"In ƙirƙira ce, Yallaɓai, matan babu su a duniya. A ba ni mota gobe in je in gani."

"Mai fa?"

"Dokta zai zuba."

Washegari Laraba suka kama hanyar Udubo. Dokta ya buga musu jerin sunaye daga kwamfuta: sunan ƙauye, sunan mai gida, sunan matar, yawan haihuwa, da wanda ya rasu. Motar ta tsaya musu sau biyu. A karo na biyu sai da wasu masu amalanke suka tura. Rana ta take sosai kafin su isa ƙauyen farko.

Suna na farko a jerin shi ne Mariyamu. Haihuwa bakwai, ɗan fari ya rasu. Suka tambaya, aka nuna musu gidan. To, matar dai akwai ta.

Saja ta shiga ciki. Sufeto ya zauna a inuwar danga, kusa da wani magidanci mai gemu da ke tufkar igiya. Dangar ta kara ce, duk abin da ake faɗa a ciki ana ji.

"Inna, kin tuna wasu masu farin kaya da suka zo suka ɗebi jini, shekarun baya?"

"Na tuna. Har sabulu suka ba mu."

"Haihuwarki nawa?"

"Bakwai ake cewa."

"Faɗa min sunayensu."

Matar ta jero sunaye a hankali. Sufeto yana lanƙwasa yatsu. Shida, ta tsaya.

"Saura ɗaya, Inna."

Can sai aka ji wasu mata suna ƙyalƙyala dariya a bakin murhu.

"Na farin," in ji Saja, ta sassauta murya. "Allah ya jiƙansa. Yana da shekara nawa ya rasu?"

"Subhanallahi! Wa ya rasu? Ke baiwar Allah, daga ina aka turo ki da wannan baki?"

"To ina yake?"

"Oho. Ku tambayi Goggo, ita ta san shi."

Mai tufkar igiya ya murmusa bai ɗago ba.

"Ni ake nufi, Yallaɓai. Buba sunana. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Kakata Goggo ce ta raine ni. Yanzu haka 'ya'yana biyu, amma in muka haɗu a hanyar rijiya sai ta kalli wani wajen."

Sufeto ya dubi takardar hannunsa, ya dubi mutumin. Bai buƙaci bayani ba. Shi ma ɗan fari ne. Mahaifiyarsa har ta koma ga Allah "wancan" take ce masa, ko da ya zama ɗan sanda ya zo mata da kaki. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya tashi ya gan ta a gidansu.

Gida tara suka shiga a ƙauye uku. A biyu an tabbatar musu ɗan farin ya rasu tun yana goye. A bakwai kuwa, wanda takarda ta binne yana nan da ransa. Wani na gona, wata tana gidan miji, wani ya tafi Legas da shanu.

"Oga," in ji Saja a mota, tana matsa gwiwa, "yau na yi ta'aziyyar rayayyu har bakwai. Tsohuwar ƙarshen nan saura kaɗan ta rafka min muciya. Gobe kai za ka shiga."

Sufeto bai yi dariya ba. Matan na nan, ba a ƙirƙire su ba. Amma wani ya kashe musu 'ya'ya da biro, kuma wanda ya kwashe kwalayen ya san da haka.

Wadda ta cike fom ɗin da hannunta ita ce Hajiya Zainabu, tsohuwar nas, ta yi ritaya shekara uku da suka wuce. Ranar Alhamis da safe suka same ta a tsakar gidanta tana tsince zogale.

"Hajiya, aikin Udubo muka zo tambaya."

"Wai! Ai na manta. Hawan jini ya cinye min kai."

"Ko kaɗan ba ki tuna ba?"

"Ko kaɗan, ɗan nan."

Saja ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna, ta sa hannu a tiren tana taya ta tsinta.

"Yaya, bari in faɗa miki don kada ki ji a bakin wasu. Jiya mun je. Takardar Dokta ta ce 'ya'yan fari sun mutu, mu kuwa mun gan su da gemu. Ke kika riƙe biro. In kin manta, a kanki abin zai tsaya."

Hajiya ta ture tiren.

"Ni? Ni da nawa ɗan farin yake Kano, har yau ban iya kama sunansa ba, ni zan kashe na wasu? Ba ni biron nan."

Ta karɓi takarda a hannun Sufeto ta zana layuka. Ta ce fom ɗin haka yake: a sama a rubuta yawan haihuwa, a ƙasa kowane ɗa da layinsa, daga na fari zuwa auta, a sa sunan wanda ke raye. Wanda ya rasu sai a bar layinsa fili.

"To da muka shiga ƙauye, sai uwa ta ƙi faɗar na farin. In na matsa sai ta rufe fuska da zane. Ga mata a layi, ga rana na faɗuwa. Sai na riƙa ja masa ɗan karan biro, haka, gajere. Fili, ya rasu. Ɗan kara, yana nan, kunya ce. Ko makaho ya shafa zai gane."

"Kin faɗa wa Dokta?"

"Dokta lokacin ko sannu bai iya ba, kuma yana ɗakin gwaji da jininsa. Wanda na miƙa wa kwalayen na faɗa wa. Na ce, Mamman, ka ga wannan karan, ka yi wa mutumin nan bayani. Ya ce to, Hajiya."

"Ba ki taɓa karanta abin da aka buga ba?"

"Wa ya ba ni? An dai ce an buga a Turai, aka raba mana lemo."

"To me ya sa ɗazu kika ce kin manta?"

Ta kalli zogalen da ya zube.

"Mamman ɗin ne ya zo ya roƙe ni. Ya ce wasu za su zo da tambaya don su ɓata wa Dokta suna, in ce na manta. Na ɗauka taimako nake yi."

"Yaushe ya zo?"

"Larabar makon jiya. Ranar da aka yi sunan jikata, shi ya sa na riƙe."

Sufeto ya tsaya da rubutu. Larabar makon jiya biyar ga wata ke nan. Dokta kuwa sai Litinin, goma ga wata, ya ga wasiƙar. Ya buɗe fayil a kan gwiwarsa ya zaro ambulan ɗin da bai duba ba tun ranar farko. Ya juya bayan ambulan ɗin. Ga hatimin cibiyar nan, shuɗi, a miƙe sak, ba karkata: huɗu ga Afrilu.

Ya nuna wa Saja. Ta ja dogon numfashi.

"Allah Sarki. Tsaftar aiki."

Bayan azahar suka koma cibiyar. Sufeto ya sa aka kira Dokta ofishin Malam Mamman, ya rufe ƙofa. Ya ɗora ambulan ɗin a kan tebur, bayansa a sama.

"Malam Mamman, wa ke buga hatimin nan?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Ranar da wasiƙa ta zo kake bugawa, ko ranar da ka miƙa ta?"

"Ranar da ta zo. Shekara goma sha takwas ban taɓa..." Sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan kwanan watan.

"Ta zo ran Talata, huɗu ga wata. Ran Laraba ka je gidan Hajiya Zainabu ka ce ta manta. Ran Lahadi Baba ya tafi kasuwa. Ran Litinin ka kai wa Dokta wasiƙarsa. Kwana shida tana ina?"

"Wataƙila ta shige cikin wasu fayiloli."

"A wannan ofishin?" in ji Saja, tana duban kantocin.

Dokta ya dubi wannan ya dubi wancan. "Ban gane ba. Me Hajiya za ta manta?"

Sufeto ya zaro takardar da Hajiya ta zana ya shimfiɗa masa. Ya yi masa bayani a hankali, fili da ɗan kara, ya ba shi labarin Buba mai tufkar igiya da sauran shidan. Dokta yana ji, yana riƙe da bakin tebur. Da aka gama sai ya nemi kujera ya zauna.

"Na ga karan," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na gan shi sau ɗaruruwa. Na ɗauka babu yake nufi. A wajenmu in an ja kara, babu ke nan."

Malam Mamman ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Ni ne, Dokta. Ni na kwashe su."

Ya ci gaba, yana kallon hular.

"Hajiya ta faɗa min, wallahi ta faɗa min. Washegari aka aiko daga Dambam mahaifina ya rasu. Na yi mako uku a can. Kafin in dawo ka zauna kai kaɗai ka shigar da komai cikin kwamfuta. Ni kuma maganar ta fita daga kaina fit. Sai bayan shekara biyu, ranar da mujallar ta iso, na karanta na ga shida cikin goma."

"Me ya hana ka faɗa min a ranar?"

"Ana ta murna, Dokta. Ka rungume ni a gaban kowa ka nuna min sunana. Ni da sakandare kawai na gama, ga sunana a Turai. Na ce bari a kwana biyu. Sai aka ƙara min girma saboda ita. Sai aka tura ni kwas. A unguwarmu har yau in ana gardamar lafiya ni ake kira. Kai kuma duk bayan 'yan watanni sai ka leƙo ka ce, Mamman, mun kai hamsin. Mamman, mun kai ɗari. Kowane ɗaya da aka ƙara, sai in ji bakina ya ƙara nauyi."

"Da wasiƙar ta zo fa?" in ji Sufeto.

"Na buɗe, don ni ke buɗe wasiƙun ofis. Na san in suka ga karan za su tambaya, in suka tambaya za a kai ga Hajiya, Hajiya kuma za ta ce Mamman. Ran Lahadi na zo da babur, sawu uku na yi."

Dokta ya ɗago kai.

"Ka karanta wasiƙar har ƙarshe?"

"Na karanta."

"To ka san in babu fom ɗin, ni za a kira maƙaryaci a duniya."

Malam Mamman ya sunkuyar da kai.

"Na sani, Dokta. Na ce wataƙila su gaji su bari."

Saja ta kawar da kai ta dubi taga. Sufeto ya tambayi abin da ya rage, wanda tun shigowarsu yake tsoron amsarsa.

"Ka ƙone su?"

"Na kai ɗaya can bayan gidana na zuba masa kananzir. Na buɗe don wuta ta kama da kyau, sai na ga rubutun Hajiya, ga sunayen 'ya'yan mutane, Muhammadu, Abdullahi, layi bayan layi. Ashanar ta cinye har ta ƙona min yatsa. Suna ɗakin hatsina, duka shidan."

Gidan Malam Mamman na cikin wani lungu kusa da masallacin unguwa. Shi da kansa ya shiga ya ɗage buhunan dawa, ya riƙa fito da kwalayen zaure ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen yana warin kananzir, gefensa ya yi duhu, amma rubutun bai goge ba.

Dokta ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai guga, ya buɗe na farko. Ya ɗauki fom, ya sa yatsa a layin sama, ya ajiye, ya ɗauki wani. Kara. Kara. Fili. Kara.

"Sai mun rubuta su a matsayin shaida," in ji Sufeto. "Amma gobe zan sa hannu a ba ka ka ɗauki hotonsu. Za su isa kafin wa'adi?"

"Za su isa."

"Shi ke nan ka fita?"

"Daga ƙarya na fita. Za su ga matan na gaske ne." Ya share gumi da bayan hannu. "Amma da fom ɗin zan haɗa da wasiƙata, in ce a janye takardar. Ba daidai ba ce."

"Ambaton ɗari biyu da sha huɗun fa?"

"Za su bi ta. Farfesa ma haka. Kuma mutanen nan da suka dogara da ni suka yi nasu rubutun, sai na nemi adireshinsu na sanar da su. Zai ɗauke ni shekara." Ya yi ɗan murmushin gajiya. "Sha takwas ɗin da ba mai karantawa, su ne nawa."

Ya dubi Malam Mamman da ke tsaye jikin bango, ya dubi Sufeto.

"Dole ne ku tafi da shi?"

"Ƙara ta shiga littafi, Dokta. Abin da za ka faɗa, ka faɗa wa alƙali, zai ji ka."

Dokta ya gyaɗa kai. Ya koma kan kwalin, sai kuma ya tsaya da fom a hannu.

"Gida nawa ka ce kun shiga jiya?"

"Tara."

"Bakwai suna raye."

"Bakwai. Ɗaya ma ya ba ni ruwa na sha."

"Shekara takwas," in ji Dokta, "in mota ta bi da ni ta wajen Udubo, ba na iya kallon gidajen. Ina ganin kowane gida da ƙaramin kabari a bayansa." Ya sa fom ɗin a kan gwiwa ya shafe lanƙwasar da ke jikinsa. "Ashe suna can suna noma."

Aka sallame sallar la'asar a masallaci, mutane suka fara fitowa. Saja ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai, ta mayar.

"Yallaɓai," in ji Malam Mamman, "don Allah mu bi ta lungun baya. Maƙwabta ne."

"Mu je."

Ya leƙa cikin gida ya ce wa iyalinsa kada a jira shi da abinci. Sannan ya fito ya shiga gaba, Saja na ɗingisawa a bayansa, Sufeto na biye da fayil a hammata. Har suka sha kwana, Dokta na zaune a ƙasan zauren, yana ɗaga fom ɗaya bayan ɗaya, yana ware masu kara gefe guda.